Zauren Shari'a: Gida, Haraji da Ɗauri a Gaban Kotunan Jihohin Amurka

Wasiƙun wannan watan mafi yawansu daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fito, sai guda ɗaya daga Zariya. Mutanenmu idan aka ce kotu a Amurka, hankalinsu yakan tafi ga Kotun Ƙoli ta tarayya mai alƙalai tara, alhali kuwa abin da ya shafi gidan mutum, da harajin da ke kansa, da yawan shekarun da za a ɗaure ɗansa, kusan dukkansa yana hannun dokokin jiha da kotunan jiha. Kowace daga cikin jihohi 50 tana da kundin tsarin mulkinta da kotun ƙolinta, don haka amsar da ta dace da mazaunin Michigan tana iya zama kuskure ga maƙwabcinsa na Ohio. Kamar yadda aka saba, an sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni direban babbar mota ne a jihar Michigan. Shekarun baya na sayi ƙaramin gida da kuɗi hannu, domin ba na son bashin banki mai ruwa. Mahaifina ya kwanta jinya a Kano, na tafi na daɗe a wurinsa har Allah ya karɓi abinsa. Da na dawo sai na tarar da wasiƙun ma'ajin gunduma cewa ana bina harajin gida na shekarar 2023, wanda bai kai dala 3,000 ba, kuma idan ban biya ba za a ƙwace gidan. Wani abokina ya ce in kwantar da hankalina, wai kotu ta hana gwamnati yin haka. Shin gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa jinyar ta zama kaffara. Abokinka rabin maganar ya ji, kuma rabin da bai ji ba shi ne zai iya raba ka da gidanka.

Hukuncin da yake nufi shi ne na shari'ar kamfanin Rafaeli da gundumar Oakland, wanda Kotun Ƙolin Michigan ta yanke a watan Yulin 2020. Mai kamfanin ya sayi gidan haya a garin Southfield a kan dala 60,000 a shekarar 2011, ya zo biyan tsohon haraji sai ya yi kuskuren lissafin ruwan da ya hau, biyan nasa ya gaza da dala 8 da santi 41. Wannan ɗan gibin ya yi ta tara ruwa da tara da kuɗin aiki har ya kai dala 285 da santi 81. Gunduma ta ƙwace gidan, ta yi gwanjonsa a kan dala 24,500, ta kuma riƙe kuɗin gaba ɗaya, domin dokar jihar a lokacin haka ta tanada. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta goyi bayan gunduma a 2017, amma kotun ƙoli ta rushe wannan hukunci, ta ce abin da ya yi rara bayan an cire haraji da ruwa da tara dukiyar mai gida ce, kuma riƙe ta ƙwace ne ba tare da diyya ba, wanda kundin tsarin mulkin Michigan na 1963 ya haramta. Bayan shekara uku, a watan Mayun 2023, Kotun Ƙolin tarayya ta bi wannan sawu a shari'ar Tyler da gundumar Hennepin ta jihar Minnesota, inda aka sayar da gidan wata tsohuwa mai shekara 94 a kan dala 40,000 saboda bashin kusan dala 15,000. Duk wanda ya zauna a gaban malami ya karanta babin jingina zai ga wannan hukunci bai zo masa da baƙon abu ba, domin tun fil azal fiƙihunmu ya koyar da cewa jingina ba ta nutsewa: a sayar, a biya mai bashi haƙƙinsa, saura ya koma ga mai kaya.

To amma ka lura da abin da kotunan ba su ce ba. Babu wadda ta hana gunduma ƙwace gida da sayar da shi. Abin da kotun Michigan ta tabbatar wa mai gida shi ne rarar kuɗin gwanjo kaɗai, kuma gidan gwanjo da wuya ya yi rabin darajarsa ta kasuwa. Wanda ya sayi gida dala 60,000 aka ba shi abin da ya rage daga 24,500 ya yi nasara a takarda, amma ya yi asarar gida.

Ga yadda kwanakin suke tafiya a jiharku. Harajin shekarar 2023 da ba a biya ba ya koma hannun ma'ajin gunduma ranar 1 ga Maris 2024, inda aka ɗora masa kashi 4 cikin ɗari na kuɗin aiki da ruwan kashi 1 cikin ɗari kowane wata. Ranar 1 ga Maris 2025 gidan ya shiga mataki na biyu, ruwan ya tashi zuwa kashi 1.5 a wata, kuma ana lissafa shi ne tun daga farkon bashin. Daga nan ma'aji zai nemi hukuncin kotun gunduma, kuma ranar ƙarshe ta fansar gida ita ce 31 ga Maris 2026. Idan ranar ta wuce, mallaka ta fita daga hannunka, ko da washegari ka zo da kuɗin a jaka. Ko rarar da ake magana ma ba ta zuwa da ƙafarta. Dokar da majalisar jihar ta yi a ƙarshen 2020 ta wajabta wa tsohon mai gida ya miƙa fom mai lamba 5743 kafin ranar 1 ga Yuli ta shekarar da aka ƙwace gidan, sannan ya shigar da buƙata a kotu tsakanin 1 ga Fabrairu da 15 ga Mayu na shekara mai zuwa, kuma ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayarwa. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta tabbatar da wannan tsari, ta ce waɗanda suka makara wajen miƙa fom ɗin sun rasa rarar.

Akwai abin da ke damuna a wasiƙarka, domin na sha ganin irinsa. Wanda ya sayi gida da bashin banki, yawanci bankin ne ke tara kuɗin haraji daga biyan wata-wata ya biya masa, har ya manta akwai wani abu wai shi harajin gida. Wanda ya guje wa riba ya biya kuɗi hannu kuwa, takardar haraji kai tsaye take zuwa masa, sau biyu a shekara a Michigan, ta bazara a watan Yuli da ta hunturu a watan Disamba, kuma babu mai tuna masa. Na taɓa zama a falon wani dattijo daga cikin mutanenmu, ya jawo ledar kanti daga ƙarƙashin tebur cike da ambulan da ba a buɗe ba, a ciki har da masu koren katin nan na gidan waya da sai an sa hannu ake karɓa. Ya ce ya ɗauka duk tallar inshora ce. A cikin ledar muka tsinci takardar sammacin zaman kotu da aka yi wata biyu da suka wuce.

Don haka ka je ofishin ma'ajin gunduma da kanka cikin wannan makon, ka nemi a rubuta maka jimillar bashin da ranar ƙarshe, ka kuma tambayi tsarin biya kaɗan-kaɗan, domin gundumomi da yawa suna janye gida daga jerin ƙwace idan mai shi yana zaune a ciki kuma ya sa hannu a yarjejeniyar biya. Ka duba har da harajin 2024, kada ka toshe rami ɗaya ka bar wani. Idan kuma ranta za ka yi daga 'yan'uwa a masallaci, ka ranta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Las Vegas. Gidana yana cikin rukunin gidaje masu ƙungiya, ana biyan kuɗin wata. Sun ci ni tara saboda launin fentin ƙofata, na ji haushi na daina biyan kuɗin watan gaba ɗaya, yau wata bakwai ke nan. Sun aiko da takarda cewa sun ɗaura bashin a kan gidan. Ni dai ina biyan banki a kan kari. Za su iya taɓa gidan da banki ke da jingina a kansa?

Amsa: 'Yar'uwa, za su iya, kuma jihar Nevada tana cikin wuraren da wannan haɗari ya fi tsanani. Abin da aka yi miki shi ne rubuta bashin a rajistar filaye ta gunduma, ta yadda ya liƙe wa gidan kansa: ba za ki sayar ba, ba za ki sake jinginarwa ba sai an warware shi, kuma mai bashin yana iya neman a yi gwanjo. A ƙa'ida, wanda ya riga rubuta bashinsa shi ke gaba a layi, kuma banki ne ya riga. Amma dokar Nevada ta ɗauki kuɗin wata tara na ƙungiyar masu gidaje ta ajiye shi a gaban jinginar banki.

An daɗe ana gardama a kan ma'anar wannan fifiko, har Kotun Ƙolin Nevada ta raba gardamar a watan Satumban 2014, da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku, a shari'ar kamfanin SFR da bankin U.S. Bank. Gida ne a Las Vegas da ke ɗauke da bashin banki na dala 885,000, ƙungiyar unguwa ta yi gwanjonsa, kamfanin ya saye shi dala 6,000. Kotun ta ce gwanjon ya shafe jinginar banki kwata-kwata, tana mai nuna cewa bankin yana da damar biyan kuɗin wata taran nan ya tsare haƙƙinsa, bai yi ba. Hukuncin ya girgiza bankuna, domin bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008 an yi irin wannan gwanjo a gidaje masu yawa. A 2015 majalisar jihar ta gyara dokar, ta tsaurara sharaɗin sanar da banki, ta kuma ba mai gida da banki kwana 60 bayan gwanjo su fanshi gidan. A 2018 kotun ta ƙara da cewa idan banki ya miƙa kuɗin wata tara kafin gwanjo, jinginarsa tana nan daram.

Duk wannan rigima ce tsakanin banki da masu sayen gwanjo. Ke mai gida, ko wane ne ya yi nasara a cikinsu, gidan ya bar hannunki, kuma shafe jingina ba ya shafe alkawarin biyan bashin da kika sa wa hannu. Kuskurenki shi ne haɗa abubuwa biyu da doka ta raba. A Nevada ƙungiya ba ta da ikon yin gwanjon gida saboda tara kaɗai, irin ta fentin ƙofa, sai idan laifin yana barazana ga lafiya ko tsaron mazauna unguwa. Kuɗin wata kuwa shi ne makamin da ke kai gida gwanjo, kuma da hannunki kika miƙa musu shi. Ki biya kuɗin watannin bakwai da abin da ya hau kansu, ki rubuta a jikin takardar biyan cewa na kuɗin wata ne don kada a karkatar da shi zuwa tara, ki karɓi rasit, sannan ki zauna ki yi jayayyar fenti da hankali kwance.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗalibin shari'a ne a Zariya. A nan Najeriya kotun ɗaukaka ƙara ɗaya ce, ta tarayya. Yaya ake yi jiha a Amurka ta mallaki kotun ƙoli, kuma shin hukuncinta a kan haraji shi ne ƙarshe?

Amsa: Ɗalibi, ka taɓo bambanci mai tushe. A Najeriya ƙara takan tashi daga babbar kotun jiha, ko kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta jiha, ta shiga kotun ɗaukaka ƙara da aka kafa a 1976, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja, wato duk rafukan kogi ɗaya suke faɗawa. A Amurka koguna biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kotun ƙolin jiha ita ke da magana ta ƙarshe a kan ma'anar dokar jiha da kundin jiha, kuma Kotun Ƙolin tarayya ba ta shiga sai an taɓa dokar tarayya ko kundin tarayya. Ka kula da sunaye idan kana karatu, domin suna ruɗarwa: a New York kotu mafi girma sunanta kotun ɗaukaka ƙara, wadda ake kira kotun ƙoli kuwa kotun fara shari'a ce, sannan Texas da Oklahoma kowace tana da manyan kotuna biyu, ɗaya ta laifuka, ɗaya ta sauran ƙararraki.

Misalin da na fi so a kan haraji shi ne na jihar Washington da ke arewa maso yamma. A 1932 masu zaɓe suka amince da harajin kuɗin shiga mai hawa-hawa, inda mai yawa zai biya kaso mafi girma. A 1933, a shari'ar Culliton, kotun ƙolin jihar ta soke shi da rinjayen biyar a kan huɗu, bisa hujjar cewa kuɗin shiga dukiya ne, kundin jihar kuma ya ce harajin dukiya dole ya zama bai ɗaya ga kowa. Wannan fassarar kalma guda ta tsara yadda jihar ke tara kuɗi har tsawon shekara 90, ta jingina nauyin a kan harajin saye da sayarwa, wanda a ganina ya fi danne talaka, tun da shi duk abin da ya samu a kasuwa yake ƙarewa. A 2021 majalisar jihar ta sa harajin kashi 7 cikin ɗari a kan ribar sayar da hannun jari da makamantansa idan ta haura dala 250,000 a shekara, ban da gidaje da asusun fansho. Alƙalin wata kotun gunduma ya soke shi a 2022, amma a watan Maris 2023, a shari'ar Quinn, kotun ƙolin jihar ta dawo da shi da rinjayen bakwai a kan biyu, ta ce haraji ne a kan cinikin sayarwa, don haka ƙa'idar 1933 ba ta hau kansa ba. Kotun Ƙolin tarayya ta ƙi sauraron ƙarar, kuma a Nuwamban 2024 masu zaɓe suka ƙi soke harajin.

Inda hukuncin jiha ba ya zama ƙarshe shi ne idan haraji ya tsallaka iyaka. Jihar South Dakota ta yi doka cewa masu sayar da kaya ta intanet daga wajen jihar su karɓar mata haraji idan cinikinsu a cikinta ya wuce dala 100,000 ko ciniki 200 a shekara. Kotun ƙolinta ta ce dokar ba za ta tsaya ba, domin wani hukuncin tarayya na 1992 ya ɗaure mata hannu, sai Kotun Ƙolin tarayya da kanta ta warware wancan tsohon hukunci a watan Yunin 2018 a shari'ar Wayfair. Ka kwatanta wannan da rigimar harajin VAT da jihar Ribas ta tayar a 2021, wadda tun daga matakin farko a babbar kotun tarayya ta Fatakwal aka yi ta, za ka sami abin rubutawa.

Tambaya: Malam, ƙanena yana jihar Georgia da katin zama na dindindin. An kama shi da zargin ɗaukar kaya a kanti. Lauyan da kotu ta ba shi ya ce ya amsa laifi, za a yanke masa wata 12 amma ba zai kwana a kurkuku ba, sa ido kawai za a yi masa. Mu yarda?

Amsa: Kada ya sa hannu a komai sai ya ga lauyan shige da fice. Dokar shige da fice ta tarayya tana ƙirga wa'adin da alƙali ya furta ko da an jingine shi, kuma laifin sata da aka yanke wa shekara ɗaya cif tana saka shi cikin manyan laifukan da ke kai mutum kora daga ƙasa, kusan babu hanyar roƙo. Kwana ɗaya ne tsakanin 365 da 364, amma saboda wannan kwana ɗayan jihohin Washington da Nevada da California da New York suka rage iyakar hukuncin ƙananan laifuka zuwa kwana 364. A Georgia iyakar wata 12 ce. Tun 2010, a shari'ar Padilla da jihar Kentucky, Kotun Ƙolin tarayya ta wajabta wa lauya ya gaya wa baƙo abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa a ƙasar, sannan a 2014 Kotun Ƙolin Georgia ta ƙara ɗaure maganar a shari'ar Encarnacion, ta ce idan kora tabbas ce a doka, bai wadatar lauya ya ce mai yiwuwa ne ba, dole ya faɗa ƙarara cewa za a kore shi. Ku tambayi lauyan ko za a iya sauya tuhumar, ko a shigar da shi shirin da ake janye ƙara ba tare da amsa laifi ba. Idan ƙanen naka bai cika shekara biyar da shiga ƙasar ba, ku gaya wa lauyan shige da fice tun a zaman farko, domin akwai wata ƙa'ida dabam da ke aiki a cikin wannan wa'adi, wadda rage kwana ɗaya ba lallai ya kuɓutar da shi daga gare ta ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce. Ɗana yana da shekara 19 lokacin da ya bi abokan banza aka yi fashi, aka rasa rai. A 2012 wata kotu a Michigan ta yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar sakin talala ba. Alƙalin da bakinsa ya ce doka ba ta ba shi zaɓi ba. Yanzu ɗana ya bugo waya yana cewa an yi sabon hukunci. Ba na son in sa rai a banza. Ka gaya mini gaskiya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ki haƙuri, ya jiƙan wanda aka rasa, ya shirya mana zuriya. Ɗanki gaskiya ya gaya miki, kuma zan faɗa miki iyakar abin, domin ki san inda za ki tsayar da zuciyarki.

Michigan ta soke hukuncin kisa a kan laifin kisan kai tun 1846, don haka hukuncinta mafi tsanani shi ne wanda aka yi wa ɗanki, kuma ga laifin kisa na mataki na ɗaya doka ta mayar da shi tilas, shi ya sa alƙalin ya ce ba shi da zaɓi. A 2012, a shari'ar Miller da jihar Alabama, Kotun Ƙolin tarayya ta haramta irin wannan tilasci ga wanda bai kai shekara 18 ba lokacin laifi, ta tsaya a nan. Abin da ya buɗe wa ɗanki ƙofa wata 'yar ƙaramar kalma ce a kundin jiharku. Kundin tarayya ya hana hukuncin da ya zama na zalunci kuma wanda ba a saba gani ba, wato sai siffofin biyu sun haɗu. Na Michigan kuwa ya ce na zalunci ko wanda ba a saba gani ba, ɗaya ma ta isa. Kotun ƙolin jihar ta daɗe tana ɗaukar wannan “ko” da muhimmanci. A 1991 kotun tarayya ta amince da ɗaurin rai da rai na tilas da dokar Michigan ta tanada ga wanda aka kama da hodar iblis gram 650 ko fiye, amma a 1992, a shari'ar Bullock, kotun jihar ta soke wannan hukunci ga laifin mallaka, bisa kundin jiha.

A kan wannan turba, a watan Yulin 2022, a shari'ar Parks, kotun ta ce tilasta ɗaurin rai da rai babu sakin talala a kan ɗan shekara 18 ya saɓa wa kundin jihar, ta dogara da binciken likitoci da ya nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamako da danne zuciya ba ya gama nuna sai mutum ya shiga shekarunsa na ashirin da wani abu, kuma matashi ya fi saurin bin zugar abokai. A watan Afrilun 2025, a shari'o'in Taylor da Czarnecki, ta faɗaɗa hukuncin zuwa 'yan shekara 19 da 20, ta kuma ce ya shafi har waɗanda aka riga aka gama shari'arsu. Nan ne ɗanki ya shigo. Massachusetts ma ta yi makamancin haka a Janairun 2024, har ta zarce, domin ta haramta hukuncin gaba ɗaya ga wanda bai kai 21 ba. A mafi yawan jihohi kuwa, ɗan shekara 19 da ya yi laifi irin wannan ba shi da wannan dama har yau.

Ga iyakar. Hukuncin bai wanke ɗanki daga laifi ba, bai kuma ce a sake shi ba. Abin da ya samu shi ne a mayar da shi gaban alƙali a sake yanke masa hukunci, a wannan karon a dube shi a matsayinsa na mutum guda, da shekarunsa, da gidan da ya taso, da rawar da ya taka a laifin, da abin da ya zama a kurkuku. Mai gabatar da ƙara yana da ikon sake neman rai da rai, sai dai nauyin kawo hujja yana kansa. Idan ba a nema ba, ko alƙali bai amince ba, doka ta ce ƙaramin wa'adi ya kasance tsakanin shekara 25 da 40, babban wa'adi kuma ba ya gaza 60. Shekarun da ya riga ya yi suna cikin lissafi, kuma idan ƙaramin wa'adin ya cika, hukumar sakin talala ce za ta duba ko ya cancanci fita. Wato ko a mafi sauƙin hukunci, akwai sauran shekaru a gabansa. Ki kuma shirya zuciyarki cewa a ranar zaman, iyalan wanda aka kashe suna da haƙƙin tsayawa su yi magana, za ki ji abin da zai yi miki nauyi, kuma su ma an fama musu mikin da suka ɗauka an rufe. Alƙalan kotun ƙolin jihar da suka ƙi amincewa da hukuncin na 2025 sun ce majalisa ce ya kamata ta ja wannan layi na shekaru. Ni dai ina ganin kotun ta yi daidai, domin alƙalin da aka hana duban wanda ke tsaye a gabansa an rage masa rabin aikinsa.

Jihar tana da ofishin lauyoyin ɗaukaka ƙara na gwamnati da ke tsaya wa marasa hali, kuma ɗanki yana da haƙƙin a ba shi lauya kyauta a wannan zama, saboda haka kada wani ya karɓi kuɗinki da alkawarin zai fito da shi cikin wata shida. Mutanen da hukuncin ya shafa ɗaruruwa ne, layin zai yi tsawo. Kafin lokacinsa ya zo, ki fara tattara takardun makarantarsa tun daga firamare, da na asibiti idan akwai, da shaidar duk wani karatu ko sana'a da ya koya a kurkuku, da sunayen malamai da maƙwabta da limamin da suka san shi yana yaro kuma za su yarda su rubuta wa kotu. Ki rubuta adireshin gidan da zai sauka idan an sake shi, da wanda zai ɗauke shi aiki. Ki saka su duka a jaka ɗaya, ki riƙe kwafi, domin su ne abin da lauyan zai fara tambayarki ranar da ya kira.